Likita, yarona ba ya riƙe karatu

Tambaya: Ɗana shekararsa 3, kullum labari ɗaya yake so in maimaita masa. Lafiya kuwa?

Lafiya lau 'yar'uwa. Da maimaici ƙwaƙwalwar yaro take kama abu, ki daure kawai.

Tambaya: Yare biyu muke yi wa 'yarmu a gida, wai shi ke hana yaro magana da wuri?

Ba ya hanawa malam. Amma in ta cika shekara 2 ba ta haɗa kalma biyu kamar "zo nan", a kai ta asibiti a auna jinta.

Tambaya: Katun na waya yana koya wa jariri magana?

Ko kusa. Bakin mutum yake kallo ya koya. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana.

Tambaya: Yarona shekara 6, ana koya masa abu yanzu ya manta, wani lokacin ma sai ya yi shiru ya ƙura ido kamar ba ya nan. Babansa yana dukansa, ni kuma na sayo masa maganin buɗe ƙwaƙwalwa.

Hajiya wannan ita ce ta dame ni. Da farko a ajiye bulalar nan don Allah. Yaron da ke cikin tsoro hankalinsa na kan hannun da zai sauka a jikinsa ne, ba kan karatun ba, shi ya sa za ki ga ya iya abu da safe amma ana daka masa tsawa ya ɓace masa. Shi kuma maganin nan, wallahi na gaji da ganinsa, kwalba ba a san me ke ciki ba a ɗura wa yaro, ƙodarsa da hantarsa ne za su ji jiki. Babu maganin da ke buɗe ƙwaƙwalwar yaro mai lafiya. Abin da ke zaunar da karatu shi ne a koya kaɗan-kaɗan, gobe a tambaye shi ya faɗa da bakinsa, sannan ya samu barci awa 9 zuwa 12, don cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya.

To amma ƙura idon nan fa kar ki yi wasa da shi. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ɗauke wuta na kamar daƙiƙa 10, ki kira shi bai ji ba, wani yana ƙifta ido ko motsa baki, ya dawo bai san an yi ba. Tana iya zuwa sau da yawa a rana, to ta ina karatu zai zauna? Kuma tana jin magani sosai. Ki kai shi wajen likitan yara cikin satin nan, a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa na EEG, a duba ji da gani da ƙarancin jini. In abin ya zo ki ɗauke shi bidiyo a waya ki nuna wa likitan, kwalbar maganin ma ki tafi da ita.