Babur a Bayan Fikof: Igiya, Roba ko Bel?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi babur Boxer sabo a nan Kumasi zan kai wa ƙanena Tamale, abokina zai ara mini Hilux mai gida biyu. Ina da igiyar nailan da robar tub a gida, amma ɗan maƙwabcina ya nace sai na sayi bel mai racet, wato bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen da ake juyawa yana matse shi. Ba ɓarnar kuɗi ba ce saboda tafiya ɗaya? Daga wani mai karatu a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Yaron nan ya fi ka gaskiya, sai ka yi haƙuri. Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ce, kuma duk wanda ya bi ta Offinso da Akumadan da Techiman ya san tudun rage gudu nawa zai hau kafin ya ga Kintampo. Kowane tudu babur zai nutse ya taso. Roba na miƙewa tare da shi, igiyar nailan kuma kullinta na saki a hankali ba ka sani ba. Boxer ya kai kilo 120 ko kusa, ba buhun gawayi ba ne da za a ɗaure da tsohon tub.

Je ka Magazin na Suame, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi, ka nemi bel huɗu. Kada ka bi kyan launi. Duba ƙyallen da aka ɗinka a jikinsa, a nan ake rubuta nauyin da yake ɗauka; wanda babu rubutu, mayar wa mai shago abinsa. Juya racet ɗin ka ji yana kamawa ƙas-ƙas, ka matsa ƙugiyar da hannu, in ta nuna alamar lanƙwasa bar ta. Ba sai ka sayi faffaɗan nan na tirela ba, ƙarfinsa ya fi abin da babur ke buƙata, yana iya sa ka wuce gona da iri.

Wajen lodi ku zama uku. Matso da bayan motar bakin tudu ko gefen kwata don gangaren ya ragu, ku sa katako mai kauri, ku tura babur a kashe. Ban da hawa da inji a kunne, wannan burgar ta karya ƙafafu da yawa.

Bodin Hilux mai gida biyu bai wuce mita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, babur kuwa ya kusa mita 2. Saboda haka ko dai ka karkata shi, tayar gaba a kusurwa ɗaya ta baya a ɗayar, ko ka miƙe shi ka bar ƙofar baya a sauke. Ni na fi son miƙewa, domin bel na dama da na hagu sun fi yin daidai. Tayar gaba ta dafe bangon bodi sosai, ka tokare ta da guntayen katako biyu don kada ta zame gefe.

Ga inda aikin yake. Bel biyu na gaba ka zagaya su a ƙarfen da ya haɗa shoka biyu, ƙasa da fitila, ka kai ƙugiya zoben da ke kusurwar bodi, kowane yana ja gaba da ƙasa da gefe. Kada ka ɗaura a roban hannu ko madubi, kada bel ya danne wayar birki ko ta lantarki. Mutum ɗaya ya riƙe babur tsaye, ka ɗage ƙafar jingina, ka ja dama kaɗan, hagu kaɗan, har shoka ta nutse kamar kashi ɗaya cikin uku, iyaka rabi. In ka danne ta har ƙasa, robar da ke tare man shoka na iya yoyo. In ba ka danne ba sam, a tudun farko bel zai yi sako-sako ƙugiya ta fita. Na taɓa sakaci da wannan a kan hanyar Ejura, da muka tsaya sallar azahar na tarar da tankin ya kwanta a gefen bodi ya loɓa kamar tsohon gwangwani.

Biyun baya aikinsu hana gindi tsalle ne kawai, a firam za ka ɗaura. Sa giya ta ɗaya, rufe makunnin mai, cire maɓalli, naɗe jelar bel. Sannan ka kama kan babur ka girgiza: in motar ce ke motsi tare da shi, ya ɗauru. Kafin ka wuce Offinso tsaya ka sake matsawa, sabon bel yana ɗan saki.

Tambaya: Malam, me zai hana a kwantar da shi a kan tsohuwar katifa a huta? Daga wata 'yar uwa a Asawase.

Amsa: Hajiya, katifar ce za ta sha fetur. Babur a kwance yana tsiyayar da mai ta murfin tanki da kabureta, man inji na iya gangarawa cikin akwatin iska, batirin ruwa kuma ya zubo da asid a kan fenti. In dole ta sa, a zuƙe fetur, a cire batir da madubai. Amma tsayuwar ta fi sauƙi.

Tambaya: Takardu fa, tunda ba tuƙa shi zan yi ba?

Amsa: A shingen 'yan sanda ba ruwansu da wannan, babur a bayan mota ma ya fi jawo tambaya. Riƙe rasit da takardun kwastan in sabo ne, ko na DVLA, hukumar rajistar ababen hawa ta Ghana, in an yi rajista, ka tabbatar lambar firam da ke jikin ƙarfen ta dace da ta takarda tun kana Kumasi. Ka ajiye su a gaban mota kusa da kai, ba a ƙarƙashin kujerar babur ɗin da ka riga ka ɗaure ba.