Amsa ga mai tambaya kan kilt da ke zamewa daga ƙugu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an gayyace ka ɗaurin auren abokin aikinka a Abadin, wani birni a Sikotlan, ka sayi kilt, wato siket ɗin nan na mazan Sikotlan, amma da ka ɗan yi tafiya sai ya sulale ƙasa da tumbi, ka ƙara matse belet bai hana ba. Ka kuma ce ƙaninka siriri ya gwada nasa, shi ma haka. Matsalarku iri ɗaya ce a ido, amma dalilin kowa daban, kuma belet ba zai warkar da ko ɗayanku ba.

Fara duba inda kake ɗaura shi. Kilt na gargajiya ba a wurin wando yake zama ba. Maɗauran fatarsa suna faɗawa ne daidai cibiya ko sama da ita kaɗan, a lankwasar da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwatangwalo, sannan bakinsa ya ɗara maɗauran da kamar inci 2. In ka karkata gefe, inda jikinka ya naɗe nan ne wurin. Mutane da yawa suna ba tela lambar wandonsu, alhali wando ƙasa da nan yake zama, sai kilt ya zo da awon da ba nasa ba. Alamar kuskuren a gwiwa take: kamata ya yi bakin ƙasa ya tsaya saman ƙoƙon gwiwa, iyaka tsakiyarsa. In ya rufe gwiwa, ko dai ya yi tsawo ko ya riga ya zame.

Ga abin da ke riƙe shi. Cikakken kilt yana cin yadi 8 na ulu, mai nauyinsa yakan haura kilo ɗaya da rabi, kuma galibin nauyin a baya yake, wurin ninke-ninken. Daga ƙugu zuwa inda mazaunai suka fi faɗi, kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, an ɗinke ninkin kuma an tsuke kowanne zuwa sama, an sa ƙyalle mai tauri a ciki ƙarƙashin shafi, wato ƙyallen da ke rufe cikin kilt ɗin. Wannan tsukewar ce ke sa ya hau kan kwatangwalo ya zauna, kamar yadda zani ke tsayawa jikin mace in ta ɗaura shi sama da ƙugu. Wanda mazaunansa suka fi ƙugunsa da inci 4 zuwa 6 ba ya ma sanin akwai wannan damuwa. Shi dai ya ɗaura daidai: gaban kilt falle biyu ne marasa ninki, ɗaya kan ɗaya, shafin ciki da shafin waje; shafin ciki ya ratsa gaba daga dama zuwa hagu, a zura maɗaurinsa ta kafar da ke gefen hagu a ɗaure, sannan shafin waje ya dawo dama. A ja har yatsa biyu su shiga da ƙyar. In akwai maɗauri na uku a ƙasa, gefen dama, a bar shi sako-sako, domin matse shi yana jan shafin gaba ya karkace, bai kuma ƙara riƙon komai.

Kai mai tumbi, a nan ne aikin yake. In awon ciki ya kai na mazaunai ko ya fi shi, babu tudun da kilt zai hau. Duk numfashi da duk taku suna tura bakinsa gangaren ciki, ƙara matsewa kuwa ƙara tura shi ƙasa ne, sai ka ga gaba ya sauka ƙarƙashin teɓa, baya ya ɗage, shafin gaba ya lanƙwashe ciki. Kada ka yarda da shawarar ɗaura shi ƙarƙashin tumbi. Ɗaga shi har maɗauran su hau kan wurin da cikin ya fi faɗi ko sama da shi kaɗan, sannan ka rataye shi a kafaɗa. Tela ya ɗinka maɓallai 6 a cikin bakin sama, biyu-biyu a gaba hagu da dama, biyu a tsakiyar baya, zaren ya kama ƙyallen nan mai tauri, ba shafi kaɗai ba, don shafi zai yage. Igiyar kafaɗar ta zama mai faɗi, inci ɗaya da rabi, wadda ba ta cika talewa ba. Igiyoyi masu haƙoran ƙarfe da ake maƙalawa suna cin ulu, kuma sukan suɓuce a tsakiyar rawa. Falmaran ɗin da ake sawa ƙarƙashin kwat a irin wannan biki zai rufe igiyar gaba ɗaya, kuma dama a al'adar Sikotlan ba a haɗa falmaran da belet.

In sabo za ka ɗinka, akwai dabarar awo da za ta gyara zubin gaba. A naɗe tawul a cike ramin da ke ƙasan ciki kafin a zagaya tef a mazaunai, ta yadda awon zai fito kamar an ja layi miƙe daga tumbi zuwa ƙasa. Da haka shafin gaba zai sauko sambal. Kuma a auna ka kana tsaye yadda ka saba, ba ka shanye ciki ba, don ba za ka wuni a wurin biki kana riƙe numfashi ba.

Ƙaninka kuwa, siriri marar mazaunai, ƙugunsa da kwatangwalonsa kusan awo ɗaya ne, kilt ke sulalewa kamar a jikin sanda. Sau da yawa nasa yawa kawai ya yi. In yana ramin ƙarshe na maɗauri kuma har yanzu da saura, kada ya huda sabon rami. A matsar da ƙarfen ɗauri na dama zuwa baya, a kuma matsar da maɗaurin shafin ciki daidai wannan gwargwado, inci 1 zuwa 2. In gefe ɗaya kaɗai aka taɓa, tsakiyar zanen ulun zai kauce daga cibiya. Abin da ya wuce inci 2 ya zama aikin mai ɗinkin kilt, ba gyaran gida ba. Bayan haka a ɗinka siririn ƙyalle mai roba a cikin bakin sama, irin wanda ake sa wa wandon kwat don ya kama riga. Rigar ciki ta auduga ma ta fi mai santsi riƙo. In duk bai isa ba, shi ma igiyar kafaɗa.

Akwai masu manyan mazaunai da bayansu ya lotsa, har da mata da yawa. Nasu ba ya faɗuwa, sai dai bakin baya ya buɗe, ninkin ya wage a kan mazaunai, kilt ɗin ya riƙa hawa yana juyawa. Na kanti ba ya musu, sai wanda aka tsuke ninkinsa da awonsu.

Kada ka manta da jakar gaba, siforan. In ka cika ta da waya da makullai, sarƙarta na shiga ƙarƙashin tumbi ta ja gaban kilt ƙasa. Rage mata kaya, ka zura maɗaurinta ta madaukai biyu da ke bayan kilt ɗin, ta zauna kamar faɗin tafin hannu ƙasa da bakin falmaran. Fil ɗin ado na gefen dama kuma a shafin waje kaɗai ake soke shi. Wanda ya haɗe shafi biyu da shi don hana zamewa zai yaga ulun ranar da ya buɗe ƙafa ya hau mota.

In ka yi duk wannan amma kullum sai ka ƙara rami, juya kilt ɗin ka riƙe ƙarafan ɗauri biyu ka ja. In bayan ya talu, ƙyallen ƙarfafawa na ciki ya saki ko ba a sa shi ba tun farko, abin da ake yawan samu a masu araha. Mai ɗinkin kilt zai buɗe shafi ya sa sabo daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Ka kai da wuri, makonni kafin ranar, ka kuma gwada shi da rigar da falmaran ɗin da za ka sa, ka zauna, ka tashi, ka hau bene, kafin ka karɓa.