Ta ina zan fara littafin tafiye-tafiye a kan Nijar?

Ɗan uwa, ka ce kana son rubuta littafi a kan Nijar, yanayin ƙasar da kiɗe-kiɗenta da halin mutanenta, amma ka rasa ta ina za ka ɗauko. To ni dai shawarata kar ka buɗe da taswira da yawan jama'a, wannan kowa zai samu a intanet. Kama wuri ɗaya tukuna. In ni ne Agadas zan ɗauka, ka tsaya gindin hasumiyar masallacin nan ta laka mai tsawon kusan mita 27, itatuwan da suka leƙo a jikinta su magina ke takawa in za a yi yaɓe, daga nan sai ka ja mai karatu zuwa duwatsun Azbin da ayarin raƙuman da ke ratsa hamadar Tenere su ɗauko gishiri a Bilma.

Kiɗa kuma don Allah kar ka ce yana da daɗi kawai ka wuce. Wa ke kaɗawa, a wane taro? Imzad na Buzaye mata ne ke goga shi, tsirkiya ɗaya gare shi kamar goge, tende kuwa turmi ne aka ɗaura wa fata. Ka gangaro Damagaram ka ji kakaki da algaita a ƙofar fada.

Halin mutane kuwa sai ka zauna majalisar shayi, ka rubuta hirar da ake yi tsakanin kofi na ɗaya da na uku. Hanyar arewa fa ka tambayi 'yan gari batun tsaro kafin ka hau mota.