Tambaya da Amsa: Duniyar da Aka Buga a Littafi ko Wadda Za Mu Gina da Kanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu biyar ne muke haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar muna wasan labari na Dungeons & Dragons, ni ne kuma nake jan labarin. Yanzu kanmu ya rabu: wasu suna so mu yi karo-karo mu sayi littafin duniyar da kamfani ya riga ya tsara, wato ƙagaggiyar ƙasar da labarin ke faruwa a cikinta, wasu kuma suna so in ƙirƙiro mana tamu mai kama da ƙasar Hausa. Wanne ya fi? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saboda masu karatun da ba su san wasan ba, ana zama ne a kewaye tebur ko tabarma, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, mutum ɗaya kuma ya riƙa bayyana inda suke da abin da ya same su, sannan a jefa ɗan lido mai fuska 20 domin a ga ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Ba a sa kuɗi a ciki. Shi mai jan labarin zan kira shi madugu, domin shi ya san hanya, ko da yake ayarin ne ke tafiyar.

Duniyoyin da ake sayarwa, da yawansu a gida aka fara su. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, kowannensu yana da tasa duniyar da yake wasa da abokansa a ciki: Greyhawk ta Gygax, Blackmoor ta Arneson. Forgotten Realms, wadda ta fi sauran shahara a yau, wani ɗan Kanada mai suna Ed Greenwood ne ya fara ƙirƙirarta tun yana yaro, sai a 1987 kamfanin TSR, mai wasan a lokacin, ya buga ta. Eberron kuma Keith Baker ne ya shiga gasa da ita a 2002, ta fito a 2004. Don haka abin da abokanka suke nema ka yi, shi ne asalin sana'ar.

Littafin da aka buga yana da amfaninsa na gaske. Yana zuwa da taswira, da tarihin dauloli, da sunayen garuruwa da sarakunansu, ta yadda idan ɗan wasa ya ce zai tsallaka kogi ya ga abin da ke can, madugu ba zai yi shiru yana sosa ƙeya ba. Ga ɗalibin da jarrabawa ke jiransa, wannan sauƙi ne babba. Sai dai irin waɗannan littattafai sukan kai kusan dala 50 kafin kuɗin kawowa, kuma akasarinsu an gina su ne a kan Turai ta zamanin da, da dusar ƙanƙara da gidajen giya da gumaka masu yawa, abin da wasu 'yan wasanmu ba za su sake da shi ba.

Ni dai, in ka nemi ra'ayina, ka gina taku, domin mutumin da ke zaune a Zariya yana da kayan aikin da marubutan can za su yi sha'awarsa. Ka je Ƙofar Doka ka tsaya, ka dubi abin da ya rage na ganuwa, jar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye, ka tambayi kanka wane ne yake rufe ƙofar da magariba, kuma me zai faru da fataken da suka iso bayan an rufe. Labarin zama guda ya samu ke nan. Ga dutsen Kufena da Turunku, inda aka zauna kafin birnin yanzu. Ga labarin Sarauniya Amina da ganuwoyin da ake jingina mata. Ga sarautu irin su Madaki da Galadima da Wambai, waɗanda kishin da ke tsakanin irinsu ya isa ya riƙe wasa shekara guda. Dodo da Gizo kuwa ba sai ka yi wa kowa bayaninsu ba, tun a tatsuniyar kaka aka san halinsu. Ɗan wasan da ya ji an ce sarki ya naɗa wa jaruminsa rawani zai fahimci nauyin abin nan take.

Inda masu ƙirƙira suka fi tuntuɓe shi ne yawan rubutu. Na taɓa ganin madugun da ya cika littafin rubutu biyu da tarihin shekara dubu, amma da aka zauna, tambayar farko da aka yi masa ita ce nawa ake sayar da doki a kasuwa, bai kuwa tanadi amsa ba. Ka fara da gari ɗaya mai ƙofa huɗu, da kasuwa, da rijiyar da mutane ke tsoron zuwa, da mutum uku masu buƙatu da suka saɓa wa juna. Sauran ƙasar za ta fito daga tambayoyin abokanka, sai ka riƙa rubutawa bayan kowane zama domin kada sunan sarki ya canja a mako mai zuwa.

Ina kuma roƙonka ka sauya sunaye. Kada ka sa gidajen sarautar Zazzau na gaskiya ko al'amuran addini a cikin wasa, domin a teburinku ma ana iya samun jikan gidan, kuma raha takan koma ɓacin rai. Ka ari siffar birnin, ka ba shi sabon suna.

Abokan naka masu son littafi su ma kada a bar su a baya. Dokokin wasan na tushe kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan a yanzu, ya sake su kyauta a intanet, don haka ku riƙe su don faɗa da sihiri da lissafin ƙarfi, kuɗin karo-karon kuma ku sayi 'yan lido da babbar takardar zana taswira. Ku gwada garin naku Asabar huɗu, sannan ka sake rubuto mini in ji ko wani ya yi ƙarfin halin leƙa rijiyar.