Rigar Satar da Ta Ci Mini Naira Dubu Casa'in

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni, wai matar nan mai koyar da girki da ta ba ka aikin shafinta, a Blogger za ka ɗora mata ko a WordPress, kuma ko za ka iya sa mata rigar shafin, wato theme mai tsara kamannin shafi, da abokinka ya turo maka kyauta ta Telegram. Na ji ka sarai. Shirun da na yi na ɓacin rai ne.

Ta farkon ba tambaya ba ce. Blogger na Google ne tun 2003, ba a biyan kuɗin masauki, wato wurin da ake ajiye shafi a intanet, amma ɗakin haya ne, ba ka fasa bango ka ƙara taga. Da rubutu da hotuna kawai za ta riƙa zubawa, da ya ishe ta. To kai da bakinka ka ce tana son sayar da yaji da garin kunu, mutane su biya ta shafin. WordPress ke nan, wanda ake saukewa daga WordPress.org a ɗora a masaukin da aka biya, a haɗa masa WooCommerce, abin da ke mayar da shafi shagon sayar da kaya. Yadda ake ɗorawa kuwa ba zan ɓata yawuna ba. Wata takwas kana zaune a gefena, in har yanzu ba ka iya ba, matsalar ta fi ƙarfin bayani.

Maganar rigar ce ta tayar mini da tsohon miki.

A 2017 wani mai atamfa da leshi a Kwari ya kira ni. Babban mutum, carbi a hannu, ana ce masa Alhaji ana russunawa. Muka yi ciniki a kan naira dubu ɗari da hamsin, ya ba ni sittin, saura sai aiki ya kammala. Ya ga wata riga a ThemeForest, kasuwar da ake sayar da rigunan shafi a intanet, ya ce ita yake so, mai hotuna suna zamewa suna juyi. Dala 59 ce, a canjin lokacin naira dubu ashirin da ɗaya da 'yan kai. Na ce ya kawo kuɗin, ya ce ai yana cikin jinga. Na ce ba mu yi haka ba, ya ce to in san dabara, ai ni ne gwani. Wannan kalma ta "gwani" ita ta kai ni ta baro. Wani yaro da ke mini aiki a lokacin, mai rawar kai irin naka, ya ce yana da fasasshiyarta a filashi. Na karɓa na ɗora. Shafi ya fito tsaf, Alhaji yana ta nuna wa maƙwabta a waya.

Ban san an cusa wata ɓoyayyar ƙofa a cikin fayilolin ba. Kai a tunaninka wanda ya fasa rigar dala 59 ya raba kyauta, don Allah ya yi? Wata uku lafiya lau. Rannan da asuba waya ta yi ƙara, Alhaji ne, ko sallama babu. Wata hajiya daga Maraɗi da ke sarin kaya wurinsa ta buɗe shafin, ya jefa ta wani shafin caca mai hotunan matan banza, a gaban 'ya'yanta. Abin takaicin, in na buɗe a kwamfutata ba na ganin komai, sai baƙon da ya shigo ta waya ake karkatarwa. Kafin in gano bakin zaren, Google ya manna wa shafin jan allon gargaɗin nan mai cewa shafin na da haɗari. Kwana huɗu ina bin fayil ɗaya bayan ɗaya, in goge yau, gobe ya sake tsirowa, don sun riga sun buɗe wa kansu asusun shugaba a ciki. Ajiyar kwafin da nake da ita ma bayan shigar cutar aka yi ta. Dole na rushe komai, na sayi rigar ta gaskiya da kuɗin aljihuna, na sake zuba hotunan atamfa sama da ɗari uku da hannu.

Da na gama na je karɓar cikon dubu casa'in. Ya ce in gode wa Allah bai kai ni wurin 'yan sanda ba, na zubar masa da mutunci. Mutumin da ya hana kuɗin riga! Ya karɓi kalmar sirri da sunan zai duba, ya miƙa wa ɗan ƙanensa. Sannan ya bi layi yana cewa ni nake sa hotunan banza a shafukan mutane. Ayyuka biyu da na riga na yi ciniki a layin suka sulale. Laifina ne na ɗora, ban musa ba. Amma kuɗina da ya danne, wannan Allah ya isa.

Don haka matar nan ka sa mata Astra, ko Kadence, ko GeneratePress, na kyautarsu da ke cikin rumbun WordPress. Ba su da nauyi. Ku yaran yanzu da ido kuke zaɓe, ku ga abu yana walƙiya a babban allo ku ce ya haɗu. Masu sayen yaji ba da kwamfuta za su shigo ba. Ari tsohuwar itel ɗin mai shayin bakin titi ka buɗe shafin da datarka, in ka gaji da jira su ma za su gaji. Ka duba ranar da aka sabunta rigar ta ƙarshe. Kuma tunda da Hausa za ta rubuta, ka buga ƙ da ɗ da ɓ ka gani, don wasu haruffan ado ba su san su ba, sai ka ga akwati a tsakiyar "ƙuli-ƙuli". Noto Sans yana da su duka.

Sunan shafin ka yi rajistarsa da sunanta da imel ɗinta, .com.ng ma ya isa, da naira ake biya. Amma kalmar sirrin shugaba tana hannunka sai kuɗinka ya cika. Kada murmushi ya rufe maka ido, Alhajin ma da fara'a ya tarbe ni, har lemo ya sa aka kawo.

Gobe ka zo da wayar, a gabana za ka goge fayil ɗin abokin naka. Ka kuma taho da makullin janareto da ka tafi da shi.