Wace lamba ake neman fayil ɗin Jamusawa da ita?

Malam, ka ce takardar Jamusawa ta Garwa da ka samu tana da lambobi biyu, wace za ka yi amfani da ita? Wadda ke kusurwar sama, mai "J.-Nr." ko "Tgb.-Nr.", akawu ne ya rubuta daga rajistar wasiƙun ofishinsa. Adadin ƙarshe shekara ce: /09 na nufin 1909. Ita kaɗai ba za ta fisshe ka ba, don kowane ofishi da tasa rajistar.

Mai farawa da R 1001 za ka ba Bundesarchiv, wato ma'adanar takardun tarihi ta gwamnatin Jamus, a Berlin, can takardun ma'aikatar mulkin mallakarsu suke. Ka haɗa da lambar "Bl.", wato warƙar. In ka ga "z.d.A." a gefe, an gama da maganar, an adana.