Sabulu: Hausa Ce Ko Aro?

Tambaya: Malam, a Makka na ji mai shago yana cewa "sabun", ga shi kuma wata 'yar Kenya da muke aiki tare a nan Jos tana cewa "sabuni". Su suka ara daga wurinmu ko mu muka ara? Sannan mece ce ma'anar "tun ba a haifi uwar mai sabulu ba balbela take da farinta"? Daga wata mai karatu, Gangare.

Amsa: Malama, mu da Sawahilawan duk 'yan aro ne, daga Larabci muka samo ta. Su kansu Larabawan ba tasu ba ce. Masana sun bi sawunta har zuwa "sapo" ta Latin, harshen Rumawan da, wadda su ma suka ji a bakin ƙabilun arewacin Turai. Wani marubucin Rumawa mai suna Pliny, wanda ya rasu a shekarar 79 Miladiyya, ya ce da kitse da toka ake haɗa shi, kuma gashi ake rinawa da shi ya yi ja. Wanka ya biyo baya ne. Daga nan kalmar ta watsu: Faransawa suka ce "savon", Turkawa da Indiyawa da mutanen Indonesiya suka ce "sabun".

Kada "soap" ta Ingilishi ta ruɗe ki. 'Yar gida ɗaya ce da su, amma ba ta hannun Bature ta iso mana ba. Da a bakinsa muka ji, da "sof" muke cewa. Dubi maƙwabta: Bayarabe "ose" yake cewa, Igbo "ncha", amma Bafulatani "sabunde". Wannan ya nuna ta Sahara kalmar ta ratso, tare da fatake da malamai.

To ina "n" ta tafi? Bahaushe kan musanya ta da "l", kamar yadda "namba" ta koma "lamba". Sai ya ƙara wasali a ƙarshe, don ba ya son rufe kalma da baƙi.

Inda ba na yarda da wasu shi ne cewa tunda sunan aro ne, sana'ar ma aro ce. Ba dole ba. Je ki kasuwar Terminus ki ɗaga curin sabulun salo, baƙi, mai laushi, yana manne wa yatsa: ruwan toka da mai ne, kayan da kowace tsohuwa ke da su a tsakar gida.

Karin maganar kuwa martani ce ga mai gori. Balbela ba ta taɓa sayen sabulu ba, farinta halitta ce. Lura ba a ce "mai sabulu" kawai ba, sai da aka haura zuwa uwarta, don a nuna nisan tazarar. Idan wani ya ce da bazarsa kike rawa, alhali tun kafin a san shi kike da rufin asirinki, nan ne wurin faɗarta.